Makarfi a Idon Sabon Tasha: Rabon Faɗa Daban, Sulhu Daban

Kujerar gwamnan Kaduna ba ta saba riƙe farar hula ba kafin 1999. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya hau ta a watan Oktoba na 1979 a ƙarƙashin PRP, majalisar dokokin da 'yan NPN suka cika ta hana shi naɗa kwamishinoni, daga bisani ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ne ya ƙarasa ragowar wa'adin. Alhaji Lawal Kaita wata uku kacal ya yi, sojoji suka kwashe kowa a ranar ƙarshe ta 1983. Dabo Lere ya hau a Janairun 1992, bai cika shekara biyu ba Abacha ya rushe komai a Nuwamban 1993. Mutum na farko da jama'a suka zaɓa ya zauna a gidan Sir Kashim Ibrahim har ya cika shekara huɗu, ya sake neman ƙuri'a ya ƙara huɗu, ya miƙa mulki da hannunsa ya fita ta ƙofar gaba, shi ne Ahmed Mohammed Makarfi. Daga nan ya zarce Majalisar Dattawa.

Daɗewa a kujera ba abin mamaki ba ne, gwamnoni da yawa na zubin 1999 sun yi takwas ɗinsu. Abin mamaki shi ne inda ake yabon wannan. Ka je Sabon Tasha, kan hanyar Kachia, inda motocin Kachia da Zonkwa da Kwoi da Kafanchan suke lodi, ka tayar da hirar gwamnonin da aka yi. Yawancin mazauna wurin Kiristoci ne, Gbagyi masu ƙasa da Adara da Bajju da Atyap da Ham da Ibo da sauran waɗanda birni ya tara, kuma ba su saba sakin baki su yabi ɗan siyasar da ya fito daga ƙasar Zazzau ba. Amma in an zo kan Makarfi sai ka ji murya ta sauka. Dattijo zai ce mutumin nan ya san darajar mutane, wani ya ce a zamaninsa aka kai wuta ƙauyensu, wani ya ce shi ya ba su sarki. Alhali Musulmi ne haifaffen garin Makarfi, wanda bai taɓa wakiltar kudancin Kaduna a wata majalisa ba.

A ganina ya cancanci yabon, sai dai an yi wa yabon kuɗin goro. Abin da Makarfi ya yi wa Kaduna aikin mai rabon faɗa ne a kasuwa: ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe, ya ja wancan gefe, ya ba kowa inda zai zauna ya huce. Wanda ya ga gawarwaki a titunan Kaduna a shekarar 2000 ba zai taɓa raina wannan aiki ba. To amma bayan an raba faɗa akwai zaman da ake yi, a tambayi wa ya fara, wa ya yi ɓarna, wa zai biya, sannan a kafa sharaɗin da zai ɗaure kowa ko bayan mai rabon ya tafi. Wannan zaman ba a yi shi a shekaru takwas na gwamna ba, ba a kuma yi shi a shekarun sanata ba.

Shi dai ba mutumin dandamali ba ne. An haife shi a 1956, ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Inugu, 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, kuma ina zargin zaman yaro ɗan Zazzau a ƙasar Ibo a irin wannan lokaci ya koya masa wani abu da makarantun gida ba sa koyarwa. Ya karanta aikin akanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi aikin banki, sannan a 1994 ya zama kwamishinan kuɗi a gwamnatin soja ta Kanar Lawal Ja'afaru Isa. Siririn mutum, mai magana a hankali, wanda ya fi sabawa da lissafi a kan takarda. Babu wanda ya kalle shi a 1999 ya hango mai kashe gobara.

Gobarar kuwa ta riga shi isa ofis. A watan Mayun 1999, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da shi, Kafanchan ta kama da wuta a kan bikin miƙa sandar girma ga sabon Sarkin Jama'a. Ƙabilun da suke kewaye da garin suka ce sun gaji da zama a ƙarƙashin sarautar da ba tasu ba. Aka yi asarar rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnan soja mai barin gado ya tattara ya bar wa mai zuwa.

Wanda bai san wannan yanki ba yakan ɗauka rikicinsa na masallaci da coci ne kawai. Addini yana ciki, amma saiwar tana cikin sarauta da ƙasa. Da Turawa suka zo da mulkinsu na bayan fage, sai suka ɗaure ƙabilu masu yawa na kudu a ƙarƙashin masarautun Zazzau da Jama'a, aka riƙa turo musu hakimai daga nesa, masu karɓar haraji, masu yanke hukunci a kan gona da gado da aure bisa tsarin da ba nasu ba. Kagoro da Marwa da Jaba ne suka tsira da sarakunansu. Sauran sun yi shekara da shekaru suna koke. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya tashi ne daga Kwalejin Ilimi a kan wa'azi, ya bazu har Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf a 1992 ya tashi ne a kan sauya wa kasuwa wuri, ya ƙare da kotun musamman da ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, kafin a sassauta zuwa ɗauri. Hausawan Zango sun ce an yi musu kisan kiyashi ba a biya su ba, Atyap sun ce an yi musu shari'ar son kai. Har yau kowa yana riƙe da nasa. A 1995 gwamnatin Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju masarautunsu, kuma Makarfi ya ga yadda wannan mataki ɗaya ya sauke zafi. Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma a kudancin Kaduna an daɗe da gano cewa wanda aka hana shi nasa sarkin ba ya barin kowa ya zauna lafiya.

Sai ga batun shari'a. Ahmed Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau a Oktoban 1999, guguwar ta taso ta nufo kowace jihar Arewa. A watan Disamba majalisar dokokin Kaduna ta kafa kwamiti na mutum goma sha ɗaya ya ji ra'ayin jama'a, kuma duk cikinsu babu Kirista ko ɗaya. A jihar da kowane ɓangare yake ganin shi ne mai rinjaye, wannan kaɗai ya isa. Musulmi suka yi ta gangamin goyon baya. Ranar Litinin 21 ga Fabrairu, 2000, Kiristoci suka fito nasu jerin gwanon a ƙarƙashin ƙungiyar CAN, kafin azahar gari ya rikice. Gwamna ba ya ƙasar, yana jinya a waje, mataimakinsa Stephen Shekari ne yake riƙe da jiha. Aka kwana ana yi, aka sake kwana. A watan Mayu aka koma zagaye na biyu. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙirga mutum 1,295 da suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sun kai 2,000 ko fiye. Da gawarwaki suka isa ƙasar Ibo, aka huce a kan 'yan Arewa mazauna Aba.

Sabon Tasha da muka sani yau 'yar wannan shekara ce. Unguwar tana nan tun kafin lokacin, tana cin albarkacin hanyar Kachia da matatar mai da ke gaba da ita. Amma cikar da ta yi ta batse, ita da Narayi da Unguwan Boro da Television da Romi da Gonin Gora, ta samo asali ne daga mutanen da suka kwashe kayansu daga Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki suka tsallako kogi. Musulmin da ke kudancin gari su ma suka yi tasu hijirar zuwa arewa. Wasu sun sayar da gida a wulaƙance, wasu sun yi musaya, gida da gida, da mutumin da suka yi shekara ashirin suna gaisawa. Kogin Kaduna ya zama iyaka, har matasa suka riƙa kiran wannan tsallake Kudus, wancan Makka. Ba gwamnati ce ta zana wannan taswira ba, tsoro ne ya zana ta.

A wannan hali ne akantan ya nuna abin da ya iya. Matsin da yake kansa ba kaɗan ba ne. Malamai da matasan yankinsa suna ganin jihohin maƙwabta sun yi, suna tambayar me ya hana shi, wasu har suna taɓa imaninsa. Mutanen kudu suna jiran su ga ko zai miƙa su. Bai bi Zamfara ba, bai kuma ce babu shari'a ba. Na farko, ya rushe tsofaffin kotunan yanki, ya kafa kotunan shari'ar Musulunci domin Musulmi, ya kafa kotunan gargajiya har da ta ɗaukaka ƙara domin waɗanda suke son a yi musu hukunci da al'adarsu, kotunan majistare da babbar kotu suka ci gaba da aikinsu a kan kowa. Tsarin ya fara aiki a farkon Nuwamban 2001. Masu zafi na kowane ɓangare sun fita suna gunaguni, kuma wannan gunagunin na ɓangare biyu shi ne shaidar cewa an yi rabon daidai. Ga Bajju ko Ham da kakansa ya tsaya gaban alƙalin da bai san yadda suke rabon gado ba, kotun gargajiya ba ƙaramin abu ba ce.

Na biyu shi ne rawani. Ya buɗe ƙofar da Ja'afaru Isa ya ɗan tura, ya ƙirƙiro masarautu da dama a lokaci ɗaya. Adara suka sami Agom, Fantswam da Kaninkon na kewayen Kafanchan suka sami nasu, Gbagyin Chikun, waɗanda Sabon Tasha take kan ƙasarsu, suka sami Sa Gbagyi. Ba a rushe masarautar Jama'a ba, an dai rage mata faɗi. Zazzau ma ta yi haƙuri da abin da aka yanke mata, kuma a nan dole a ambaci marigayi Sarki Shehu Idris, domin da fada ta ƙi, da aikin bai yi sauƙi haka ba. Ɗan Zazzau ne ya zauna ya rage wa Zazzau ƙasa. Ban ga wani gwamna daga kudu da zai iya yin wannan a wancan lokaci ba tare da an ce ramuwa yake yi ba.

Na uku shi ne rabon muƙami da aiki. Mataimakinsa Shekari ɗan kudu ne, da ya rasu a 2005 ya ɗauko Patrick Ibrahim Yakowa na Fadan Kagoma, wanda yake sakataren gwamnatin jiha, ya maye gurbinsa. Nenadi Usman ta yi kwamishina a gwamnatinsa kafin ta tafi Abuja ta zama minista. An yi hanyoyin karkara, an ja wayar lantarki zuwa garuruwan da suka gaji da alkawari. Da aka kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, aka raba ta biyu, reshe ɗaya a Kaduna, ɗaya a Kafanchan. Ko a nan ma salon bai sauya ba: ga naka, ga nasa.

A ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini ashirin da biyu, sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyu da suka taɓa jagorantar matasa a fagen faɗa kafin su tuba su haɗa kai. Wata uku bayan haka jaridar ThisDay ta buga rubutun nan na ɓatanci a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, Kaduna ta sake kamawa, mutum wajen 250 suka tafi. Masu suka sun ce ga amfanin yarjejeniyar nan. Amma a duba abin da ya biyo baya. Daga Nuwamban 2002 har Makarfi ya sauka, birnin Kaduna bai sake ganin irin wannan ba. A 2004 aka yi kashe-kashen Yelwan Shendam, aka yi ramuwa a Kano, Kaduna ta yi shiru. A Fabrairun 2006 rikicin zanen ɓatanci ya ci Maiduguri, aka rama a Onica, Kaduna ta yi shiru. Garin da a da ko an yi tari a wata jiha sai ya kama zazzaɓi. Wannan shirun shi ne abin da mutanen Sabon Tasha suke tunawa, kuma suna da gaskiya.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu yabo.

Mutum fiye da dubu aka kashe a 2000 bisa lissafin gwamnati da kanta. Wa aka hukunta? An kama mutane, an sake su. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2003 a kan rikicin gasar kyau kacokan ya tsaya ne a kan wannan, cewa masu kisa suna yawo, har da jami'an tsaron da aka zarga da harbe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Na san hujjar da ake kawowa: in ka taɓa malamin wannan ɓangare sai ka taɓa faston wancan, in ka taɓa su duka gari ya sake tashi, gara a bar kaza cikin gashinta. Hujja ce mai nauyi a shekarar farko. A shekara ta shida, lokacin da gwamna yake da ƙarfi, yake da amincewar ɓangare biyu, ba ya kuma neman wani zaɓen gwamna, ba ta da nauyi. Yaron da ya ga wanda ya kashe ubansa yana sayar da kaya a kasuwa ya koyi darasi, wanda ya yi kisan ma ya koyi nasa. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki rikicin bayan zaɓen 2011 ya ɗora babban laifi a kan haka, wato rahotannin baya da aka karɓa aka ajiye ba a yi aiki da su ba.

Rabuwar unguwanni kuma an bar ta ta zauna daram. Gaskiya ne ita ma ta taimaka wajen shirun da aka samu, tunda wanda za ka kai wa hari ya yi nisa. Amma yau akwai saurayi a Sabon Tasha da aka haifa bayan 2000, yana jin Hausa kamar jakin Kano, da ita yake ciniki, da ita yake waƙa a coci ranar Lahadi, bai taɓa zama aji ɗaya da Musulmi ba. Takwaransa yana Rigasa, bai taɓa cin abincin Kirsimeti a gidan maƙwabci ba. Iyayensu sun yi faɗa amma sun san juna. Wurin da ya fi haɗa iyayen kuwa shi ne masaƙun Kakuri, inda Bahaushe da Bajju da Bayarabe suke shiga aiki da ƙararrawa ɗaya, suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007. Ba zan ɗora wa gwamnan jiha laifin fasa-ƙwaurin atamfa da rashin wuta da tsadar baƙin mai ba, waɗannan na Abuja ne. Amma wurin haɗuwa ya mutu a zamaninsa, ba a kuma gina wani a madadinsa ba, ko makarantun kwana na haɗaka, ko rukunin gidaje da za a cakuɗa mutane da gangan.

Sai babban rauni, wanda bai fito ba sai bayan tafiyarsa. Rabin abin da ya gina a kan fahimtar juna ya tsaya, irin ta manya a ɗaki. Gwamna daga arewa, mataimaki daga kudu, Musulmi da Kirista, a raba kwamishinoni a san da kowa. Babu inda aka rubuta. Yana aiki ne muddin jam'iyyarsa PDP tana mulki, muddin kuma mai riƙe da jam'iyyar yana da hali irin nasa. Da wa'adinsa ya zo ƙarshe, Sanata Isaiah Balat ya nemi tikitin gwamna, mutanen kudu suka ce lokacinsu ya yi, tunda su suka fi kowa zuba wa PDP ƙuri'a. Namadi Sambo ne ya samu, kuma kowa ya san inda gwamna mai barin gado ya karkata. Wataƙila lissafinsa daidai ne, cewa ɗan kudu ba zai ci zaɓen gama-gari a 2007 ba. Amma ɗan kudu bai hau kujerar ba sai ta hanyar ƙaddara: Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu a Mayun 2010, Jonathan ya ɗauki Sambo mataimaki, Yakowa ya gaji kujera. Ya ci zaɓen 2011 da ƙyar, a cikin makonnin da aka yi kisan da ya fi na ko'ina muni a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, inda ɗaruruwan mutane suka mutu, mafi yawansu Musulmi, yayin da ake ƙona coci-coci da kashe Kiristoci a arewacin jihar. Shekara huɗu kacal da saukar Makarfi. Ranar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Yakowa a Bayelsa.

A duk wannan lokaci Makarfi yana Majalisar Dattawa, yana wakiltar Kaduna ta Arewa. Ya shiga a 2007 tare da ayarin tsofaffin gwamnoni: Saminu Turaki, Adamu Aliero, Bukar Abba Ibrahim, George Akume, Chimaroke Nnamani, da shi kansa Yariman Bakura, wanda ya kunna fitilar da ta kusa ƙone Kaduna. Rana ɗaya aka rantsar da su. An ba shi shugabancin kwamitin kuɗi, wurin da ya dace da akanta, kuma ba a san shi da hayaniya ko abin kunya ba. A 2011 guguwar CPC ta kusa tafiya da shi, hukumar zaɓe ta ba Yusuf Datti Baba-Ahmed nasara, sai a kotu ya karɓo kujerarsa. A 2015 Suleiman Hunkuyi na APC, wanda ya taɓa yi masa kwamishinan kuɗi ya kuma kara da shi a zaɓen gwamna na 2003, ya kayar da shi.

Ga abin da yake damuna da waɗannan shekaru. A duk zauren nan, mutum nawa ne suka san abin da Makarfi ya sani game da rikicin ɗan ƙasa da baƙo? Tsarin mulkin 1999 yana maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙami, bai fayyace matsayin wanda kakansa ya zauna a gari shekara ɗari ba. Bai ba sarakuna wani matsayi ba, ya bar su a hannun gwamna, ya naɗa, ya sauke, ya raba, ya haɗe. Babu wata doka da ta tilasta wa gwamnati ta fitar da rahoton hukumar bincike ko ta yi aiki da shi. Waɗannan su ne ramukan da Kaduna take faɗawa tun 1987, su ne na Filato, su ne na Taraba. Majalisar ta yi gyaran tsarin mulki a 2010, ta sake wani dogon yunƙuri da ya mutu a teburin Jonathan a 2015. Sunan Makarfi bai fito a matsayin jagoran ko ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa ba. Mutumin da ya fi kowa cancantar ya tsaya ya ce na gani da idona, ga abin da ya kamata a rubuta, sai ya zaɓi lissafin kasafin kuɗi. Aiki ne mai amfani, amma akantoci suna da yawa a ƙasar nan. Majalisar Dattawa ta zama wurin da gwamnoni suke zuwa hutawa da tsare mutunci, kuma duk da ya fi yawancinsu natsuwa, bai karya wannan al'ada ba. Mutanen Sabon Tasha ma ba su da bakin tambayarsa, domin Chikun tana mazaɓar Kaduna ta Tsakiya, ba su suka tura shi ba.

Abin dariya, baiwarsa ta sake fitowa ne bayan ya rasa kujera. A Mayun 2016 PDP ta dare biyu a taron Fatakwal, aka naɗa shi shugaban riƙon ƙwarya, Ali Modu Sheriff ya ce shi ne shugaba. Aka yi ta jan shari'a har Kotun Ƙoli ta ba ɓangaren Makarfi gaskiya ranar 12 ga Yuli, 2017. Ya riƙe jam'iyyar ba ta watse ba, ya shirya babban taro a Disamba, ya miƙa wa Uche Secondus. Rabon faɗa ne dai aka sake kira, ya kuma yi. Da ya nemi tikitin shugaban ƙasa a 2018, wakilan da ya ceto musu jam'iyya suka ba Atiku, shi yana can baya. Halin PDP tun daga lokacin ya nuna cewa a can ma ba a yi zaman da ke bayan rabon ba.

Wanda yake son ya auna aikin Makarfi ya dubi abin da ya faru da shi a hannun Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i. A 2017 gwamnati ta ce gundumomin hakimai sun tashi daga 77 zuwa 390 tun daga 2001, ƙananan hukumomi ba sa iya biyan albashi, ta mayar da su 77, hakimai 313 suka rasa kujera tare da dubban dagatai. A nan akwai gaskiya a bakin El-Rufa'i, rawani ya yi yawa, kuma akanta ya fi kowa sanin cewa kowane rawani yana da albashi. An raba masarautar Adara, wadda aka sace Agom ɗinta, Maiwada Galadima, aka kashe shi a Oktoban 2018, aka koma kiran masarautu da sunan wuri maimakon na ƙabila, Sa Gbagyi ya koma Esu Chikun. A zaɓen 2019 El-Rufa'i ya ɗauki Hadiza Balarabe, Musulma daga Sanga, a matsayin mataimakiya, ya kuma ci. Ko mutum yana ganin waɗannan matakai gyara ne ko ɓarna, abin lura shi ne saurin da aka yi su, ba tare da wata doka ta tsaya a gaba ba. Kotunan gargajiya suna nan, domin doka ce ta kafa su. Reshen jami'a yana nan a Kafanchan, domin gini ne da ɗalibai a ciki. Abin da aka bari a kan amana da kunya kuwa, zaɓe biyu ya ishe shi.

Mutumin da aka haifa a 1956 ba yaro ba ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zauna da shi a ɗakunan sulhu na 2000 da 2001 sun riga mu gidan gaskiya: Shekari, Yakowa, Balat, Sarki Shehu Idris. Shi ne ya karɓi rahoton hukumar binciken rikicin shari'a da hannunsa. Ya san abin da aka ce wa fadar Zazzau har ta yarda, ya san sharaɗin da aka yi da sababbin sarakuna a kan Hausawa da Fulanin da suka wayi gari a ƙarƙashinsu, ya san dalilin da ya sa ba a gurfanar da kowa ba. Gwamnatin da ke kan gado yau tana maganar haɗa kan jiha, kuma za ta buƙaci waɗannan bayanai fiye da hotunan ziyara. Ya zauna ya rubuta su, da sunaye da ranaku, ko ya faɗe su a gaban majalisar dokokin jiha a ɗauka, tun yana da ƙarfin amsa tambayar wanda ya rasa gida a Tudun Wada da wanda ya rasa ɗa a Zonkwa.